Fayil mai lamba 6846: aikin soja, cututtuka da raunukan Kofur Francis Pegahmagabow

A ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Kanada da ke Ottawa akwai fayil na kusan kowane mutum da ya shiga rundunar da ƙasar ta tura Turai a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sun haura 600,000, kuma a 2018 aka gama ɗora su a intanet. Abin da ake tararwa a ciki kusan iri ɗaya ne: takardar rantsuwar shiga soja, takardar gwajin lafiya, katin albashi, katunan asibiti, sai wata doguwar takarda da akawun bataliya ke rubuta duk motsin soja a kanta, daga ranar da ya sauka Faransa zuwa ranar da aka sallame shi ko aka binne shi. Wanda ya saba karanta su ya san halinsu. Raunin da ya zubar da jini yana da rana da wata da sunan asibiti. Ciwon da ya shiga jiki a hankali kuwa, sai mai karatu ya yi ta tsintar sa a gefen layi. Lamarin soja mai lamba 6846 yana nuna wannan ƙarara.

Sunansa Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe ne, daga cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. An haife shi a 1891 a yankin Parry Sound na lardin Ontario, ya tashi maraya a hannun mutanen garin Shawanaga, inda ya koyi farauta da su. Da ya girma ya yi aikin zuba gawayi a tukunyar jiragen ruwa na gwamnati a manyan tafkunan Kanada, aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙirji mai lafiya. Ya taɓa kwanciya da zazzabin taifot kafin yaƙi, ya warke. Lokacin da likitan soja ya duba shi a sansanin Valcartier a 1914, saurayi ne ɗan shekara 23 mai ƙarfi, aka rubuta cewa ya dace da aikin ƙetare. Wannan shaidar ita ce ma'aunin duk abin da ya biyo baya, domin hukumar fansho ba ta biyan diyya sai a kan bambancin da ke tsakanin jikin da aka karɓa da jikin da aka mayar.

Shiga yaƙi

An sa shi a Bataliya ta 1 ta sojojin ƙasa, mai mutum kusan 1,000 da aka raba kamfani huɗu. Albashin farabiti dala ɗaya da santi goma ne a rana. A Oktoba 1914 ayarin farko na mutum sama da 30,000 ya tsallaka teku, aka jibge su a filin Salisbury a kudancin Ingila. Ruwa ya sauka a kwana 89 cikin 123 da suka yi a can. Takalman da aka ɗinka musu a Kanada suka rududduge a laka, mura da tari suka zama ruwan dare, sanƙarau ya ɓulla ya kashe wasu tun ba su ji ƙarar igwa ba. Abu ɗaya da hukumar ta yi daidai shi ne allurar rigakafin taifot, cutar da ta yi wa sojojin Birtaniya mummunar ɓarna a yaƙin Afirka ta Kudu shekaru goma sha biyar kafin nan. A Fabrairu 1915 bataliyar ta sauka Faransa.

Ayyuka uku ya riƙe, kuma kowannensu yana da irin cutarwar da yake jawowa. Na farko ɗan aike. Wayar tarho a fagen daga ba ta daɗewa igwa ba ta tsinka ta ba, don haka saƙo a ƙafa yake tafiya, sau da yawa a fili, a daidai lokacin da kowa ke neman rami. Akan tura mutum biyu da saƙo ɗaya don ko an rasa guda. Na biyu leƙo, wato rarrafawa da dare cikin filin da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu don gano inda waya mai ƙaya take da inda aka girka mashinga. Na uku harbi daga ɓoye. Bindigar Ross ƙirar Kanada ta ba sojojin ƙasa kunya, tana cijewa idan laka ta shige ta ko ta yi zafi da harbi, har aka karɓe ta daga hannunsu aka ba su Lee-Enfield ta Ingila. Maharba dai sun riƙe ta saboda saitinta a nesa, kuma su suna da lokacin goge ta. Maharbi yakan kwanta sa'o'i a ƙasa mai jiƙa ba motsi, ba tari, ba bacci. Adadin da ake yawan ambatawa, cewa ya kashe 378 ya kama kusan 300, ba daga lissafin hukuma ya fito ba, domin rundunar ba ta ajiye irin wannan ƙidayar. Lambobin yabonsa uku ma ba don harbi aka ba shi su ba.

Iskar guba a Ypres

Da misalin ƙarfe biyar na yammacin 22 ga Afrilu 1915, Jamusawa suka buɗe tukwanen ƙarfe sama da 5,700 na iskar kulorin, fiye da tan 150, a arewacin garin Ypres na Beljiyam. Iskar ta fara sauka kan sojojin Faransa, ciki har da 'yan Aljeriya, da ke hagun 'yan Kanada. Layin ya buɗe kimanin kilomita shida. Da asubar washegari aka tura Bataliya ta 1 da ta 4 su kai farmaki kan wani tudu don toshe giɓin, suka yi asarar ɗaruruwan mutane. Ranar 24 ga wata aka sake sako iskar kai tsaye kan layin Kanada. Cikin 'yan kwanaki rundunar ta rasa kusan mutum 6,000, da matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Pegahmagabow yana kai saƙo a duk tsawon wannan artabu.

Yadda kulorin ke aiki shi ne mabuɗin sauran labarin. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu da rabi, saboda haka ƙasa take bi, ta cika rami kamar yadda ruwa ke cika kwari. Wanda ya kwanta a gindin rami ya fi shan ta, wanda ya hau dakalin harbi ya fi tsira, wanda ya ruga da gudu ya tafi tare da gajimaren yana jan numfashi mai zurfi. Idan ta haɗu da danshin ido da maƙogwaro da huhu sai ta zama asid, ta ƙona fatar da ke lulluɓe hanyoyin numfashi. Jiki ya mayar da martani da kwararo ruwa cikin 'yan jakunkunan iska na huhu, mutum ya nutse a busasshiyar ƙasa. A ranakun nan babu abin rufe fuska ko ɗaya. An umarci sojoji su jiƙa hankici ko safa da ruwa, ko da fitsari, su ɗaure a hanci. Bayan 'yan makonni aka raba ƙunshin auduga da aka tsoma a magani, sannan hular yadi mai tagar gani, sai ƙarshen 1916 aka samu na'urar kirki mai gwangwanin tacewa. Kafin nan Jamusawa sun ƙaro fosjin, wadda ba ta da zafin shaƙa sosai amma takan kashe bayan sa'o'i, a 1917 kuma suka kawo mai ƙona fata da makantar da ido.

Magani kaɗan ne. A hana majinyaci tafiya da ƙafarsa, a jingine shi zaune, a lulluɓe shi, a ba shi oksijin idan akwai. Wanda fuskarsa ta yi shuɗi jijiyoyin wuyansa suka kumbura akan tsaga jijiya a rage masa jini kusan rabin lita don a sauƙaƙa wa zuciya. Matsalar tana ga wanda ya sha kaɗan. Shi zai yi tari, ya yi amai, idonsa ya yi ja, bayan kwana biyu ya ji dama-dama ya ci gaba da aiki. Ba a ɗauke shi ba, saboda haka babu katin asibiti, babu layi a takardar akawu. Huhun kuma ya warke da tabo, gashin da ke share majina daga bututun numfashi ya lalace, duk sanyin da ya zo sai ya sauka a ƙirji. Iyalin Pegahmagabow da masu binciken tarihinsa a nan suke kafa farkon ciwon ƙirjin da bai rabu da shi ba. Shi kuwa bai bar bataliya ba. Ya yi yaƙin Festubert a Mayu, ya yi na Givenchy a Yuni, duka a arewacin Faransa, inda nakiyar da aka binne don Jamusawa ta taɓa 'yan bataliyar kansu, aka kuma rasa mafi yawan hafsoshin da suka fita. A 1916 aka ba shi Lambar Soja, lambar jarumta ta ƙananan sojoji da aka ƙirƙiro a Maris na shekarar, saboda shekara guda cur da ya yi yana kai saƙo daga Fabrairu 1915 zuwa Fabrairu 1916.

An ruwaito cewa yana ɗauke da wata 'yar jakar tsari da wani dattijon ƙabilarsu ya ba shi, abin da za mu kira laya, kuma ya gaskata ita ce ke kare shi. Wannan ya taimaka masa wajen tsayawa inda wasu suka karaya. Daga baya irin wannan imanin ya zama abin da Baturen likita ke iya karantawa a matsayin alamar ruɗewa.

Harbin ƙafa a Somme

A Satumba 1916 rundunar Kanada ta shiga yaƙin Somme a arewacin Faransa, inda ta yi asarar mutum sama da 24,000 kafin ƙarshen Nuwamba. A nan aka raunata shi a ƙafar hagu. Akawun soja haruffa uku yake rubutawa, G.S.W., wato raunin harbin bindiga, ko harsashi ne ko ɓarɓashin igwa, alhali bambancinsu a wurin likita babba ne. Harsashi daga nesa yakan huda ya fita da ƙaramar kafa. Ɓarɓashi yana yaga nama, ya tura tsumman wando da laka can ciki. Ƙasar arewacin Faransa gona ce da aka shekara ɗaruruwa ana zuba mata taki, cike take da ƙwayoyin cutar sarƙe-haƙora da na ruɓewar nama, waɗanda ke son wurin da jini ba ya kaiwa. Ƙafa, musamman cinya da ƙwauri, ita ce gidansu.

Ga yadda ake fitar da mai irin wannan rauni. Kowane soja yana da ƙunshin bandeji biyu a aljihun da aka ɗinka cikin rigarsa, kuma doka ita ce a ɗaure mutum da nasa, kada mai taimako ya ɓatar da wanda zai buƙata gobe. Masu ɗaukar majinyata, goma sha shida a bataliya, akan ninka su idan za a yi babban farmaki, su kai shi wurin likitan bataliya, 'yan ɗaruruwan mitoci a baya, galibi a wani rami ko ginin ƙasa da ya rushe. Likitan ba ya tiyata. Yana tsayar da jini, ya shafa aidin, ya ɗaure karaya, ya ba da mofin, ya rataya wa mutum kati a maɓallin riga. Daga nan sai tashar sauya ɗauri, inda ake yin allurar rigakafin sarƙe-haƙora a kuma rubuta harafi a goshi don kada a maimaita ko a manta. Sai mota ko keken doki zuwa asibitin tantancewa, kilomita goma ko fiye a baya, kusa da layin dogo. Nan ne wuƙa ke fara aiki.

Darasin da likitoci suka koya da gawawwaki a 1914 da 1915 shi ne kada a ɗinke raunin yaƙi nan take. Ana buɗe shi sosai, a yanke duk naman da ba ya zubar da jini ko ba ya motsi idan an tsunkule shi, a fitar da ƙarfe da tsumma, a bar shi a buɗe. Sai a jera siraran bututun roba masu huji a ciki, a riƙa zuba ruwan Dakin duk bayan sa'a biyu, dare da rana. Ruwan nan kulorin ne da aka tsarma zuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato dangin abin da ya ƙona masa huhu shi ake wanke rauni da shi. Idan ya fi haka ƙarfi ya ci nama mai rai, idan ya gaza bai kashe komai ba. Ana duba ruwan raunin a madubin likita, sai ƙwayoyin sun ragu a ɗinke. Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne: jinkirin da ya wuce rabin yini kafin tiyata, igiyar tsayar da jini da aka ɗaure aka manta har ƙafar ta mutu, da sanyi da zubar jini da ke sa mutum ya sheme kafin a kai shi teburi. Idan ƙashin cinya ne ya karye, a farkon yaƙin kusan takwas cikin goma ke mutuwa, har sai da aka yaɗa amfani da ƙarfen ɗauri na Thomas mai miƙar da ƙafa tun daga fagen daga.

Pegahmagabow ya tsallake duk waɗannan ramuka. Ba a yanke ƙafar ba, ta warke har ya iya komawa aikin leƙo. Ya sami damar ɗinka 'yar tsirin zare mai ruwan zinariya a hannun rigarsa na hagu, alamar da aka fara ba masu rauni a 1916. A cikin duk abin da ya same shi, wannan ne raunin da ya fi samun kyakkyawan rubutu, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri a sauran rayuwarsa.

Passchendaele da ciwon huhu

A kakar 1917 yana tare da bataliyarsa a Beljiyam, yanzu da igiyar kofur. Janar Arthur Currie, kwamandan rundunar Kanada, ya yi hasashen cewa kama ƙauyen Passchendaele zai ci mutum 16,000, ya kuwa ci 15,654, da matattu da masu rauni, tsakanin 26 ga Oktoba da 10 ga Nuwamba. Igwa ta farfasa magudanan ruwan yankin, ƙasar ta zama kunu. Majinyaci ɗaya sai mutum shida ko takwas su ɗauke shi, su yi sa'o'i kafin su ci kilomita guda. A 6 da 7 ga Nuwamba aikinsa shi ne riƙe hulɗa da rundunonin da ke dama da hagu, don kada bataliya ta yi gaba ta bar gefenta a buɗe, kuma shi ya nemo 'yan canji da suka ɓata a duhu ya kai su wurarensu. Wannan ya jawo masa lamba ta biyu, wadda ake nunawa da ɗan ƙarfe a kan ƙyallen ta farko.

Kafin shekarar ta fita namoniya ta kwantar da shi, aka kai shi Ingila. Babu mamaki a nan. Huhun da iskar guba ta taɓa, makonni cikin jiƙaƙƙun kaya a sanyin Nuwamba, ƙarancin bacci, ga hayaƙin gawayi a ramin kwana marar taga. A 1917 babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Magungunan salfa sai tsakiyar shekarun 1930, fenisilin sai Yaƙi na Biyu. Abin da ake yi jinya ce kawai: hutu a gado da kai a sama, ruwa da madara da romo, goge jiki don sauke zazzaɓi, oksijin idan leɓe ya yi duhu. Nas tana auna zafi da bugun zuciya da numfashi duk sa'a huɗu, ana jiran ranar yanke hukunci, wajen kwana na bakwai zuwa na goma, lokacin da zazzaɓi ke faɗuwa gaba ɗaya da gumi ko majinyaci ya tafi. Kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na waɗanda ta kwantar a asibiti a zamanin ba sa tashi. Idan mugunya ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari sai an yanke guntun ƙashi an sa bututu.

Bayan asibiti akwai gidan farfaɗowa, sannan kwamitin likitoci da ke raba mutane aji-aji: A ya koma fagen daga, B aikin bayan layi, C aiki a Ingila, D bai gama warkewa ba, E a sallame shi. Kayan aikin kwamitin abin sauraron ƙirji ne da yatsun bubbugawa. Saboda haka mutumin da ƙirjinsa ba ya kuka a ranar gwaji lafiyayye ne. Ga kuma yunwar mutane, domin asarar 1917 ce ta sa Kanada ta kafa dokar tilasta shiga soja. A ganinmu nan ne aka yi kuskuren da ya fi tsada. Mutumin da ya yi kusan shekara uku a gaba, da rauni da iskar guba da namoniya a bayansa, ya fi amfani a makarantar horar da maharba. An mayar da shi bataliya a 1918.

Watannin ƙarshe

Daga 8 ga Agusta 1918 rundunar Kanada ta shiga jerin farmakin da ya kai ga ƙarshen yaƙin, ta rasa sama da mutum 45,000 cikin kwana ɗari. Ranar 30 ga Agusta, a wani rami da ake kira Orix kusa da dajin Upton, albarusan kamfaninsa suka kusa ƙarewa ana shirin kewaye su. Ya fita fili ƙarƙashin ruwan mashinga ya tattaro harsasai, da su aka kore farmakin. Lamba ta uku ke nan. 'Yan Kanada da suka sami wannan lamba sau uku ba su kai arba'in ba.

Makonni kaɗan bayan haka aka janye shi daga layi. Abin da likitoci suka rubuta shi ne rikicewar hankali saboda tsananin gajiya, aka tura shi Ingila, a asibiti kuma yaƙin ya ƙare masa. Kalmar da aka zaɓa tana da nauyi. Tun 1915 ake amfani da sunan girgizar igwa ga sojan da ke rawar jiki, ko ya daina magana, ko bacci ya ƙaurace masa. An raba shi biyu: idan an shaida igwa ta fashe kusa da mutum, rauni ne, yana da tsirin zinariya da haƙƙin fansho; idan babu shaida, rashin lafiya ne kawai, kuma ana yi masa kallon raunin zuciya. A 1917 aka hana likitocin gaba rubuta sunan kwata-kwata, sai dai su ce ba a tantance ba tukuna. Kusan 'yan Kanada 10,000 ne aka rubuta musu girgizar igwa. Amma wanda aka ga yana zargin mutane ko yana faɗin abin da likita bai gane ba, akan fitar da shi daga wannan aji a sa shi cikin masu taɓin hankali, a kai shi sashen da ake kullewa. Maganin dai hutu ne, abinci, wanka mai ɗumi, da maganin bacci irin su buromaid.

Idan aka jera abin da jikin nan ya ɗauka, bayanin bai da wuya. Aikin leƙo da harbi yana koya wa mutum zargin kowane motsi da kowace inuwa, kuma wanda ya daina zargi ba ya kwana biyu. Shekara uku da rabi ana saka masa da lambobi saboda wannan hali, sai ranar da ya kasa ajiye shi aka kira shi ciwo. Yau da an kira shi ciwon firgici na bayan bala'i, an kuma lura da rashin bacci da ƙarancin numfashi da ke ƙara rura shi. Likitan 1918 yana da 'yan mintuna, ga majinyaci mai wani harshen uwa da wata fahimtar mafarki da tsari, ga layi ɗaya a takarda da dole a cike.

Bayan sallama

Ya koma Kanada a 1919. A shekarar ne Yariman Wales ya maƙala masa lambobinsa a Toronto, ya kuma auri Eva, suka zauna a tsibirin Parry, wanda yanzu ake kira Wasauksing. Dokar tsugunar da tsofaffin sojoji ta tanadi rancen sayen gona da dabbobi da kayan noma. Ga 'yan asalin ƙasa, kusan 4,000 da suka shiga yaƙin, an miƙa aiwatar da ita ga Ma'aikatar Harkokin Indiyawa, wato ga wakilin gwamnati na yanki, mutumin da ikonsa a kan jama'a ya yi kama da na Di'o a zamanin Turawa. Pegahmagabow ya nemi rancen fiye da sau ɗaya, aka hana shi, hujjar kuwa ita ce lafiyar hankalinsa. Layin da likita ya rubuta don a ba shi gado ya zama sandar dukansa.

Haka ya ci gaba da ya shiga shugabanci. Jama'arsa sun zaɓe shi sarki daga 1921 zuwa 1925, ya yi kansila daga 1933 zuwa 1936. Duk lokacin da ya rubuta wa Ottawa ƙorafi kan filaye ko kuɗin al'umma, wakilin gwamnati John Daly yakan bayyana shi a matsayin mai taɓin hankali da ba a biye wa. Mutumin da ake faɗa wa haka shi ne samanjan kamfani a rundunar sa-kai ta yankin, shi ne mai gadin masana'antar albarusai ta garin Nobel a Yaƙi na Biyu, shi ne kuma wanda aka zaɓa a 1945 babban shugaban wata ƙungiyar 'yan asalin ƙasa, ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen majalisarsu ta yau.

Huhun bai taɓa komawa daidai ba. Hukumar fansho, wadda aka kafa a 1916, tana auna naƙasa kashi-kashi, kuma a kan tsohon soja nauyin yake ya nuna cewa ciwonsa daga aiki ya samo asali. Mai guntun ƙafa ba ya buƙatar hujja. Mai tari da haki bayan shekara goma sai ya nemo takardar ranar da ya sha iskar, ranar da babu wanda ke rubutu. Sai a 1930 aka gyara dokar ta ce idan akwai shakka a rinjayar da ita ga mai nema. Iyalinsa sun ce a shekarunsa na ƙarshe a zaune kan kujera yake bacci, domin in ya kwanta ruwa na taruwa masa a ƙirji. Likita zai gane alamar: huhu mai tabo yana sa zuciya turawa da ƙarfi shekara da shekaru har ta gaji, kwanciya kuma tana dawo da jinin ƙafafu ƙirji fiye da yadda za ta iya kwashewa. Ya rasu da bugun zuciya a asibitin Parry Sound ranar 5 ga Agusta 1952, yana da shekara 61. A 21 ga Yuni 2016 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a garin, sanye da kakin soja, bindigar Ross a kafaɗa.